Wa ke da alhakin yarfen siyasa a rediyo?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko gidan rediyo yana da laifi idan sojan baka ya sayi fili ya yi wa ɗan takara ƙage, tunda ana sanarwa cewa ra'ayin mai magana ne, ba na tashar ba. Na daɗe ina aikin tace shirye-shiryen siyasa a wata tasha a nan Bauchi, kuma a ganina wannan sanarwa ba ta wanke kowa.

Yawancin waɗannan shirye-shirye naɗarsu ake yi kafin a sa su. Mai tacewa yana zaune da abin sauraro a kunne, yana jin inda aka ce wane ya sace kuɗin asibiti ko takardunsa na bogi ne, kuma yana da ikon tambayar hujja ko ya yanke wurin. Sau da yawa na yanke, sai sashen talla ya aiko cewa mai filin ya biya kuɗin wata uku, a mayar. A nan ne amana take karyewa, domin manomin da ke sauraro a Darazo ko Ningi ba ya rarrabe filin da aka saya da labarai. Abin da zai ce kawai shi ne rediyo ta faɗa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana zagi da kalaman ɓatanci a yaƙin neman zaɓe, ta kuma wajabta wa kafafen gwamnati ba jam'iyyu lokaci daidai. Sai dai NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta yi rauni tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2023 cewa ba ta da hurumin cin tarar tashoshi. Kotu kuwa tana aiki, amma a makare: Tinubu ya kai gidan talabijin na AIT ƙara kan shirin da ta yi a kansa a 2015, ba ta nemi afuwa ba sai 2016, bayan an gama zaɓe.

Saboda haka, idan ɗan takararku aka taɓa, ku naɗi shirin, ku rubuta rana da lokaci, ku kai wa shugaban tashar takarda a washegari kuna neman damar mayar da martani a fili guda, sannan ku aika wa NBC kwafi. Ina roƙonku kada ku ɗauko wani sojan baka ya rama, domin na ga yadda irin wannan musayar take ƙarewa a hannun 'yan sara-suka.