Tambaya da Amsa: Wace Farfela Ce Ta Dace da Injin Jirgina?

Tambaya: Malam, ina da kwalekwale mai inji da nake ɗaukar fasinja da kaya a Kogin Kaduna. Tun da na sauya farfela, injin yake nishi idan an yi lodi, yana kuma shan mai fiye da da. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Kabala, Kaduna.

Amsa: Malam, ka duba lambobi biyu da aka buga a jikin farfelar, misali 11 x 13. Ta farko faɗinta ce, ta biyu kuwa nisan da za ta tura jirgi gaba a juyi ɗaya, da inci, in da ruwa ba ya zamewa. Alamomin da ka bayyana suna nuna cewa lambar ta biyu ta yi wa injinka yawa, kamar direban da ya tunkari hawa da giya ta huɗu.

Littafin injin ya ambaci juyin da ya kamata ya kai idan an ba shi wuta duka, wanda a injuna da yawa yake tsakanin 4500 zuwa 5500 a minti. Ka sa makanike ya auna da agogon juyi, kuma a yi gwajin da lodin da ka saba ɗauka, domin awon jirgi fanko yaudara ce. Idan juyin bai kai haka ba, sai ka nemi farfelar da lambarta ta biyu ta fi ƙanƙanta: rage inci ɗaya daga wannan lamba yakan ƙara juyi kusan 150 zuwa 200 a minti. Kada ka rage da yawa, don injin zai riƙa ihu ba tare da sauri ba.