Tambaya da Amsa: Muryata Ba Ta da Zaƙi, Ko Zan Iya Shiga Kwaya?

Tambaya: Gaisuwa mai yawa ga mai kula da wannan fili. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma watanni biyar ke nan shugaban mawaƙan majami'armu yana roƙona in shiga kwaya. Ina sha'awar abin, sai dai muryata ba ta da zaƙi, har ma tun ina firamare wata malama ta ce in riƙa motsa baki kawai idan ana waƙa. Ina kuma mamakin abin da ke sa mutum ya taso daga aiki a gajiye ya tafi koyon waƙa sau biyu a mako, alhali ko sisi ba a biyansa. Mene ne daɗin abin, kuma irina tana da wuri a ciki? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da aiki. Waccan malamar ta auna ki da ma'aunin mai waƙa shi kaɗai, wanda dole muryarsa ta ja hankalin jama'a. Kwaya kuwa kunne ta fi buƙata. Wanda zai iya sauraron na kusa da shi, ya daidaita muryarsa da tasa har a kasa bambance su, ya fi amfani a wurin shugaban mawaƙa a kan mai zaƙin muryar da ke son a ji shi sama da kowa.

Yawanci ana raba mawaƙa gida huɗu. Mata masu siririyar murya su ne sufurano, kuma su ke ɗauke da karin da kowa ya sani. Masu ɗan kaurin murya su ne alto. Maza kuma masu siririyar murya su ne teno, masu kauri su ne bes. Mata da yawa da ke zaton ba su iya waƙa ba, 'yan alto ne da suka shekara suna wahalar da maƙogwaro wajen bin sufurano, kuma ina kyautata zaton kina cikinsu.

Daɗin kuwa sai an ɗan yi haƙuri kafin a kai gare shi. A ranar koyo, shugaba zai ware 'yan alto ya yi ta maimaita musu layinsu da do, re, mi, kuma layin alto shi kaɗai ba shi da armashi ko kaɗan, domin sau da yawa sauti uku ko huɗu ne ake ta juyawa. Za ki zauna a benci kina hamma, kina tunanin tuwon da ba ki tuƙa ba. Can sai ya ce kowa ya miƙe, ya ɗaga hannu, gida huɗun su shiga a tare, sai ki ji wannan layin naki mara gishiri ya zauna daram a tsakiyar sauran, bes yana gurnani a bayanki, sufurano yana shawagi a sama. Ranar da na fara jin haka tsigar jikina ta tashi, har na manta baitin da ke gaba.

Akwai wata dabara da nake ƙauna ƙwarai. Idan aka zo sautin da ake ja ya yi tsawo, ba a shan numfashi lokaci guda. Ke ki saci naki yayin da ta kusa da ke take riƙe da sautin, sannan ki karɓe ta ita ma ta sha nata, mai sauraro kuma ya ji murya ɗaya da ba ta yanke ba. Wannan numfashi na tare yana taɓa jiki ma, domin a 2013 masu bincike a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin sun auna bugun zuciyar mawaƙa, suka ga yana hawa da sauka tare idan suna rera waƙa ɗaya.

Idan do, re, mi ta tsorata ki, ki leƙa mawaƙan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'a. Su tsarin bayarwa da amshi suke bi, irin wanda kunnen Bahaushe ya saba da shi, da tulu da kuge da caki, kuma da yawa daga waƙoƙinsu su suka tsara su da Hausa, don haka karin yana bin hawa da saukar kalmomi, saɓanin wasu waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci aka bar su a kan karinsu na asali. Waƙar nan ta riƙe matan Zumunta a lokacin tsanani. A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi kusa da Mubi, amma a 2015 mawaƙan Zumuntar Matan ikilisiyar suka zaga Amurka suna rera waƙoƙinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai saɓani a kan wanda zai ba da waƙa, akwai kuɗin anko, ga kuma tsawaita koyo idan Kirsimeti ya gabato. Tun da aikinki na karɓa-karɓa ne, ki faɗa wa shugaba tun farko makonnin da kike aikin dare. Ki roƙe shi ya gwada muryarki ke kaɗai, sannan ki nemi dattijuwar da ta fi daɗewa a alto ki tsaya a gefenta, ki riƙa binta a hankali har wata guda kafin ki yanke shawara.