Yunwar Ayilan ta 1845: Ta Yaya Ruɓewar Dankali Ta Kashe Mutum Miliyan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu a ƙasar Ayilan don kawai dankalin Turawa ya ruɓe a gona. Abin ya ɗaure min kai. Ƙasa ce da teku ya kewaye, ga shanu, ga hatsi, kuma a lokacin tana ƙarƙashin Birtaniya, wadda ta fi kowace ƙasa kuɗi a duniya. Wai ba su da wani abinci ne sai dankali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abinci akwai shi a ƙasar, sai dai ba na talaka ba ne. Kafin a kai ga cutar dankali, sai an fara duba wa ke da gona.

Tun 1801 aka haɗe Ayilan da Birtaniya, a lokacin daga Landan ake mulkinta. Ƙidayar 1841 ta sami mutum miliyan 8.2 a tsibirin, amma ƙasar noma tana hannun 'yan dubban attajirai, da yawansu jikokin waɗanda aka ƙwace filayen 'yan ƙasa aka ba su a ƙarni na 16 da na 17. Wasu ma a Ingila suke zaune, wakili ne ke karɓar musu kuɗin haya. Mai ƙasa ya ba wani haya, shi ma ya yayyanka ya ba wasu, har a gangaro kan ɗan ƙodago wanda rabonsa eka ɗaya ko ƙasa da haka, wanda sau da yawa da kwanakin aiki yake biya, ba da kuɗi ba. Alkama da sha'ir da man shanu da aladen da ake kiwo a tsakar gida, duk na biyan haya ne. Ƙaramin manomin da ya taɓa su ya ci, to ya shirya barin gidan.

Abin da zai ciyar da iyali a ɗan fili irin wannan dankali ne kaɗai. Eka ɗaya kan ba da wajen tan 6. Magidanci mai aikin ƙarfi yana cin kilo 5 zuwa 6 a rana, dafaffe, da gishiri da tsala. Gida mai mutum shida sai ya tashi da kusan kilo 20 kullum. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne wannan cimar tana riƙe jiki sosai, talakan Ayilan na wancan zamani ba ramamme ba ne. Ba a buƙatar garma ko injin niƙa: da shebur ake tada kunya mai faɗi, a shimfiɗa taki ko ciyawar teku, a jera iri, a rufe da ƙasar da aka haƙo daga kwarin. Har yau ana ganin shatin waɗannan kunyoyi a kan tuddan Mayo da Connemara a yammacin tsibirin. Mutum wajen miliyan 3 ne suka dogara a kan wannan amfani shi kaɗai.

Raunin tsarin a fili yake. Dankali ba gero ba ne da zai shekara biyu a rumbu. A rami ake binne shi da ciyawa, kuma kafin watan Yuli na bara ya ƙare ko ya lalace, don haka rarar shekara mai albarka ba ta ceton shekarar da ta biyo. Sannan talakawan yamma sun raja'a a kan iri guda mai suna Lumper, saboda yana yi ko a ƙasa maras ƙarfi. Tunda da ƙwayar dankalin ake shuka shi, gonaki dubbai jininsu ɗaya, abin da ya kama ɗaya zai kama sauran. Uwa uba, ɗan ƙodago ba shi da kuɗi a hannu. Ko kasuwa ta cika da hatsi, kallo ne nasa.

Cutar, wadda masana ke kira Phytophthora infestans, daga nahiyar Amurka ta ƙetaro. Ta ɓulla a Beljiyam a tsakiyar 1845, aka gan ta a Ayilan a watan Satumba. Tana son sanyi-sanyi da laima: zafi ya wuce maki 10 a ma'aunin Celsius, iska ta jiƙe sharkaf na kwana biyu, shi ke nan. Baƙin tabo ke fara fitowa a gefen ganye, da farin fumfuna a ƙarƙashinsa, cikin 'yan kwanaki gona ta yi baƙi tana wari. Ruwan sama ya wanke ƙwayoyin cutar zuwa cikin ƙasa su shiga 'ya'yan. Mugun abin shi ne ana iya haƙo dankali lafiya lau a ido, a binne a rami, bayan 'yan makonni a buɗe a tarar da baƙin caɓi. Manoman Bokkos da Mangu a Jihar Filato sun san ta sarai in damina ta yi nauyi, sai dai su suna da maganin feshi. A wancan lokaci babu. Haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa da ke tare ta sai bayan 1880 aka gano shi a Faransa.

A 1845 an yi asarar tsakanin sulusi da rabin amfanin. Mutane suka sayar da alade, suka jinginar da tufafi, suka lallaɓa. A 1846 ta cinye kashi uku cikin huɗu ko fiye. A 1847 cutar ta lafa, amma an riga an cinye iri, abin da aka shuka kaɗan ne ƙwarai. Aka yi ta fafutuka aka sake shukawa a 1848, ta dawo.

Batun kifi: yammacin tsibirin duwatsu ne da igiyar ruwa mai ƙarfi, kwale-kwalensu na fata ko zane ne da aka shafa wa kwalta, ba ya shiga teku mai nisa a hunturu. Babu gishirin adanawa, babu hanyar kai kifi cikin ƙasa, kuma masunta da yawa sun jinginar da komarsu tun shekarar farko don sayen gari.

Hatsi da dabbobi kuwa an ci gaba da lodinsu zuwa Ingila, wani lokaci da rakiyar soja. A nan sai an yi adalci: ko da an riƙe hatsin duka, ba zai cike gurbin dankalin da ya ruɓe ba, kuma daga 1847 abin da ake shigowa da shi ya ninka wanda ake fitarwa. Amma a hunturun 1846 zuwa 1847, kafin masarar Amurka ta fara isowa da yawa, rufe tashoshin ruwa na 'yan watanni zai ceci rayuka masu yawa. An taɓa yin haka a ƙarancin abincin 1782 zuwa 1783. Wannan karon aka ƙi, wai kada a taɓa kasuwa.

Firaminista Robert Peel ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka a ɓoye a ƙarshen 1845. Ta taimaka, duk da cewa mai tauri ce, sai an niƙa ta sau biyu, mutane kuma ba su iya dafa ta ba, ta riƙa sa su gudawa. Gwamnatinsa ta faɗi a Yunin 1846, John Russell ya hau, ragamar agaji na hannun Charles Trevelyan na baitulmali, mutumin da ya yi imani cewa ciyar da talaka kyauta ɓata shi ne. Aka koma aikin gina hanyoyi: a Maris 1847 sama da mutum 700,000 na fasa dutse a kan kwabo 8 zuwa 10 a rana, kuɗin da ba ya sayen garin da zai ishi gida, ga biyan yana makara, ga sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Da aka ga mutane na faɗuwa a bakin aiki, sai aka buɗe wuraren rabon dafaffen abinci, kuma a Yulin 1847 mutum miliyan 3 ake ciyarwa kullum. Wannan ne ya nuna gwamnati za ta iya in ta so. Zuwa Satumba aka rufe su.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Dokar 1847 ta mayar da nauyin agaji kan harajin da ake tarawa a Ayilan kanta, ta gidajen gajiyayyu 130 da aka gina don mutum wajen 100,000. Aka sa sharaɗi cewa duk mai riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba shi da agaji sai ya saki filin. Kuma mai ƙasa ne ke biyan harajin kowane fili da kimarsa ba ta wuce fam 4 ba, saboda haka kowane ƙaramin ɗan haya ya zama masa asara. Mafita a wurinsu ita ce kora: a kwance rufin ɗaki, a rushe bango don kada a dawo. Tsakanin 1849 da 1854 'yan sanda sun rubuta korar mutum kusan 250,000, ban da waɗanda aka tilasta wa tashi ba a rubuta ba. Gundumar Clare, musamman yankin Kilrush, ta ɗanɗana wannan fiye da kusan ko'ina.

Yawancin mamatan ba yunwa ce tsurarta ta kashe su ba. Cunkoso a gidajen gajiyayyu da layin abinci ya yaɗa zazzaɓin da kwarkwata ke ɗauka, ga atini, ga kwalara a 1849. Duk abin da gwamnati ta kashe a shekarun bai kai fam miliyan 10 ba, wani kaso mai yawa ma rance ne, alhali 'yan shekaru kafin nan ta biya masu bayi diyyar fam miliyan 20 da aka 'yanta bayinsu. Taimako ya zo daga wurare masu nisa: Sultan Abdulmajid na Turkiyya ya aiko da fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ita ma ba ta daɗe da shan kora daga ƙasarta ba, ta tara dala 170.

Ƙidayar 1851 ta sami miliyan 6.5. Wajen miliyan ɗaya sun mutu, fiye da miliyan sun yi hijira zuwa Amurka da Kanada da Ingila; a tsibirin Grosse Île na Kanada kaɗai an binne sama da mutum 5,000 a 1847. Bayan yunwar manoma suka daina raba gona tsakanin 'ya'ya, ɗa guda ke gada, sauran su hau jirgi, kiwon shanu ya maye gurbin kunyoyin dankali. A 1911 jama'ar ta sauko zuwa miliyan 4.4. Fafutukar neman haƙƙin gona da Michael Davitt da Charles Stewart Parnell suka jagoranta daga 1879 ce ta kai ga dokar 1903, wadda ta ba 'yan haya rancen gwamnati suka saye gonakin da suke nomawa.