Da gaske tsaki-tsakin tsohuwar talabijin daga farkon duniya yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a TikTok ana cewa tsaki-tsakin fari da baƙi da tsohuwar talabijin mai eriya ke yi idan babu tasha, wai haske ne da ya taso tun farkon sararin samaniya. Haka ne? Kuma akwai manhajar da zan sauke wayata ta kama shi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri. Yawancin tsaki-tsakin daga kayan cikin talabijin ɗin yake, da na'urorin lantarki na kusa. Ɗan kaɗan ne rabon wancan tsohon hasken.

Amma hasken yana nan. A 1964, a jihar New Jersey ta Amurka, masana kimiyya Arno Penzias da Robert Wilson suka riƙa jin wata ƙara a babbar eriyarsu, duk inda suka juya ta. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kankare, ƙarar ta ƙi tafiya. Masana sun gano ƙarar daga wancan hasken take, hasken da ido ba ya gani sai dai eriya ta kama shi. Ya taso ne lokacin da sararin samaniya ke da shekara kusan 380,000, ga shi yau ana lissafa masa biliyan 13.8. Hasken ya huce har ya kai digiri 270 ƙasa da sifili.

A doron ƙasa auna shi da wuya, domin tururin ruwan da ke cikin iska yana dagula shi. Shi ya sa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tauraron ɗan'adam COBE a 1989, sai WMAP a 2001, sannan Turai ta harba Planck a 2009, ta ajiye shi kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Abin da ya fi burge ni, bambancin zafin da suke nema tsakanin wannan sashe na sama da wancan bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba, kuma daga waɗannan 'yan ɗigo-ɗigon tarin taurari suka samo asali. Don a iya ganinsu, sai da aka sanyaya wasu na'urorin Planck fiye da sanyin hasken kansa.

Ka ga ke nan wayar da ke ɗumi a aljihunka ba za ta iya ba. An ƙera ta ne ta tace irin wannan ƙarar ta watsar, don muryar mai kiranka ta fito tas. Duk manhajar da ta ce za ta kama maka shi, kada ka sauke, talla za ta cika ka da shi, ko ta kwashi bayananka. Taswirar hasken da Planck ya haɗa kuwa kyauta take a intanet, datarka kawai za ka kashe.