Ciwon kwankwaso mai tafiya ya dawo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne, a kan keke nake wuni. Bara kwankwasona ya riƙe, na sha magani ya saki, amma tun daga nan ko buta na sunkuya zan ɗauka sai ciwon ya motsa. An yi hoton ƙashi ba a ga komai ba. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hoton ƙashi ba ya nuna lafiyar tsoka, kuma mai yiwuwa a can matsalar take.

Shafa gefen ƙashin bayanka, dama da hagu, za ka ji dogayen tsokoki daga ƙugu zuwa wuya. Su ke miƙar da bayanka in ka sunkuya. A ƙarƙashinsu akwai gajeru manne da ƙashi, fitacciyarsu ana kiranta maltifidus. Kowane silinta yakan tsallake ƙasusuwa 2 zuwa 4, kuma ta fi kauri a kwankwaso, inda ƙasusuwa 5 ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Aikinta riƙo ne: tana ɗaure ƙashi da ɗan'uwansa kada ya yi wasa yayin da kake motsi.

In ciwo ya kama wurin, jiki yakan rage aiki da ita, sai ta rame. Abin da ya fi damunmu shi ne, ciwon kan lafa ita ba ta farfaɗo ba, daga baya ma kitse ya shige ta. Dogayen sai su ɗauki aikin da ba nasu ba, su gaji, su ƙage. Yawan kwanciya ƙara ramar da ita yake yi.

Ga abin yi. Durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai kafaɗa, gwiwa daidai ƙugu. Miƙe hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ka riƙe daƙiƙa 8 kana numfashi, sannan ka sauya. Sau 5 kowane ɓangare, kullum, na aƙalla mako 6. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙafa ta wuce tsayin ƙugu. Nan take baya ke lanƙwashewa, aikin ya ɓaci. A shago kuma, duk bayan minti 30 ka tashi ka ɗan taka.

Amma in ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, je asibiti a ranar. Ciwon baya da zazzaɓi, rama da gumin dare kuwa, a bincika tarin fuka, domin yana kama ƙashin baya.