Yadda ake gano guntun da ke maimaituwa a jerin sifili da ɗaya

Tambaya: Malam, ina koyon Python. An ba ni jeri irin 101101101, aka ce in rubuta manhajar da za ta gano ko wani guntu ne ake ta nanatawa, ta kuma faɗi tsawonsa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, layi ɗaya ya ishe ka. Kira jerin naka s, ka haɗa shi da kansa, sannan ka nemi s a cikin dogon jerin, amma ka tsallake lambar farko: (s+s).find(s, 1). A misalinka amsar 3 ce, wato 101 ake maimaitawa. Idan amsar ta zo daidai da tsawon jerin, to babu maimaici.

Dalilin ya fi layin muhimmanci. Neman s a cikin s+s kamar juya zobe ne: kana ɗauke lambobi daga gaba kana mayar da su baya. Jerin ba zai koma kamanninsa kafin a kammala zagaye ba sai in an gina shi da guntu ɗaya, kuma wurin da ya fara komawa shi ne tsawon guntun.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Idan ka ba ta 10110110, inda 101 na ƙarshe bai cika ba, za ta ce babu komai. Nan ake komawa ga hanyar Knuth, Morris da Pratt, wadda suka wallafa a 1977. Tana neman guntu mafi tsawo da ya zama farkon jerin kuma ƙarshensa, ban da jerin gaba ɗaya. A nan 10110 ne, lambobi 5. Cire 5 daga 8, saura 3. Idan saurar ba ta kai tsawon jerin ba kuma ta raba shi daidai, maimaicin cikakke ne. In ba ta raba ba, wutsiyar ce ta gutsure. Aikin yana ƙaruwa ne daidai da tsawon jerin, shi ya sa ni na fi son ta idan lambobi sun kai miliyoyi, ko da yake rubuta ta na ɗan cin lokaci.

Idan kuwa daga na'ura lambobin suka fito, akwai yiwuwar kuskure nan da can, kuma lamba ɗaya da ta sauya tana iya ruguza hanyoyin biyu. Sai ka gusa jerin da taki 1, 2, 3, haka nan, kana gwada shi da na asali ta XOR (lissafin da ke ba da 1 inda lambobi biyu suka saɓa, 0 inda suka yi daidai), kana ƙirga kason wuraren da suka saɓa. Takin farko da saɓanin ya faɗi ƙasa sosai, shi za ka fara zargi.