Me Ya Sa Sarƙar Roba Ba Ta Tsinkewa?

Tambaya: Malam, na ga injin girbin shinkafa a fadamar Argungu yana tafiya a kan sarƙar roba maimakon taya. Yaya ake ƙera ta har take ɗaukar wannan nauyi ba ta tsinke ba? Daga wani manomi a Jihar Kebbi.

Amsa: Malam manomi, abin da ido yake gani roba ce, amma ƙarfin yana ciki. Masu ƙera ta suna shimfiɗa siraran wayoyin ƙarfe da aka murɗe a tsawon sarƙar domin kada ta miƙe idan injin ya ja, sannan su jera gajerun sandunan ƙarfe a kwance, waɗanda haƙoran ƙafar da ke juya ta suke kamawa. Daga nan sai a lulluɓe su da robar da aka gauraya da farar wuta da baƙin garin kabon mai kama da garin gawayi, a matse a cikin mazubi mai tsananin zafi har ta ƙanƙame, tudun da ke riƙe laka su fito a bayanta.

Dabarar ta daɗe. Injiniyan Faransa Adolphe Kégresse ne ya fara ƙera irinta domin motocin Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, kuma motocin Citroën masu irin wannan sarƙa sun ratsa Sahara daga garin Tugurt na ƙasar Aljeriya zuwa Tumbuktu tsakanin Disamban 1922 da Janairun 1923.

A ganina, babban abokin gabarta shi ne tsaga, domin da zarar dutse mai kaifi ya yanke robar, ruwa zai kai ga wayoyin, tsatsa kuma ta cinye su daga ciki.